Sharhi: Jinyar shanyewar ɓarin jiki, aikin da ake sallamowa gida babu darasi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ne, albarkacin ranar 29 ga Oktoba da duniya ta keɓe wa wannan lalura. Masana sun ƙiyasta cewa cikin manya 4, mutum 1 zai gamu da ita a rayuwarsa. Mu a Katsina ba sai an kawo mana lissafi ba. Daga Ƙofar Marusa zuwa Rafindaɗi, da wuya ka ratsa unguwa ba a nuna maka gidan da wani dattijo ke kwance, hannu da ƙafa sun daina amsa kira.

Kwanan baya na je dubiya gidan wani tsohon tela da aka sallamo daga asibiti bayan mako 2. Na tarar da shi rigingine a kan katifa, uwargidansa ta tallafe masa kai tana ɗura masa koko tsararo da ludayi. Yana tari, idanunsa na hawaye, muryarsa na gurgura kamar mai kuskurar baki, ita kuwa tana lallashi: "Daure dai Malam, ko kaɗan ne." Ana cikin haka wata maƙwabciyarsu ta yi sallama, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Hajiya, don Allah dakata." Ta sa muka tayar da shi zaune, aka tokare bayansa da matasan kai, ta ce a ƙara wa kokon kauri. Ta ɗauki ƙaramin cokali tana ba shi ta gefen bakin da ke da lafiya, haɓarsa a ɗan sunkuye, ba ta ƙara wani sai ta ga maƙogwaro ya motsa. Da aka gama ta leƙa kumatun da ya saki ta kwashe abin da ya maƙale, ta ce kada a kwantar da shi sai bayan minti 30. Hajiya ta yi tagumi ta ce, "Wallahi ba wanda ya taɓa gaya mani haka. Takardar magani kawai aka ba mu, da ranar komawa."

Wannan magana ta Hajiya ita ta sa na kawo batun nan. A gadon asibiti nas ce ke juya majinyaci, ita ke lura da haɗiyarsa da fatarsa da robar fitsarinsa. Ranar sallama sai a miƙa wannan aiki sukutum ga matar da ba ta taɓa shiga ajin jinya ba, kuma ita za ta yi shi wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Ku duba batun haɗiyar nan. Lalurar kan raunana naman maƙogwaro, sai ruwa ya kauce hanya ya gangara huhu, wani ma ko tari ba zai yi ba. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi nauyi, a ce ai ciwon ne ya tashi, alhali ciwon huhu ne da ludayi ya jawo. Abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin sarƙe shi a kan mai kauri. A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Babu mai hana addu'a, mu duka da ita muka dogara. Amma ɗura rubutu ko zuma a bakin wanda bai farfaɗo ba, ko wanda ba ya iya haɗiya, hanyar huhu yake bi. A tofa masa, a shafa masa, a bar bakin tukuna. Idan kuma likita ya ce sai an sa robar abinci ta hanci, kada dangi su ɗauka alamar ajali ce. Da yawa ana cire musu ita idan haɗiya ta dawo.

Sai gyambon kwanciya. Mai lafiya yana juyi cikin barci bai ma sani ba. Wannan kuwa inda aka ajiye shi nan zai kwana, nauyinsa ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin. Ƙugu, duwawu, dunduniya da kafaɗa su ne kan gaba. Yakan fara da ɗan tabo da ya fi sauran fata duhu ko ɗumi, kuma a baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai, sai an sa ido an kuma taɓa. Ƙa'idar ma'aikatan jinya ita ce a juya shi kamar duk awa 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dunduniya daga katifa, a miƙe zanin gado kada ya tattare. Ledar da muke shimfiɗawa saboda fitsari, in babu zani a kanta, a zafin Afrilu na Katsina dafa fatar take yi.

Akwai kuma abin da muke yi da kyakkyawar niyya, garin neman gira a rasa ido. Gefen da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata. Sai a tafasa ruwa a ce za a gasa masa ƙafa jijiya ta saki, ko lokacin hunturu a matso da kaskon garwashi, mutum na ƙonewa bai ce uffan ba. Duk ruwan da za a taɓa shi da shi, mai jinya ta fara gwadawa a gwiwar hannunta. Haka jan hannun nan da ya saki don a tayar da shi: kafaɗar ba ta da naman da zai riƙe ta, tana iya gocewa, ta bar shi da ciwon da zai hana shi motsa jikin da likitan gashin ƙashi ke nema.

Wani abin da ya fi ci mani rai shi ne yadda ake zance a kansa kamar ba ya ɗakin. Wanda gefensa na dama ya shanye yakan rasa magana, don a yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Amma da dama cikinsu suna fahimtar abin da ake faɗa. 'Yan dubiya su cika ɗaki, wannan ya ce "ai haka aka yi da wane, bai kai sallah ba", mai gida na ji, ba bakin ramawa. A yi masa tambaya gajera da zai amsa da kai, a ba shi lokaci. In kun ga ya cinye rabin kwano ya bar rabi, ba lallai ƙoshi ba ne, ƙila wancan gefen ne ba ya gani. A juya masa kwanon.

Game da ranar farko da lalurar ta faɗa wa mutum, a taƙaice: baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya harɗe, to a nufi asibiti nan take. Wani toshewar jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa, wani fashewarta, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance su, don haka kada a ba shi asfirin a gida. Allurar narkar da gudan jini ma, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi da fara ciwon ake yin ta. Tushen abin galibi hawan jini ne, wani ma an daina shan maganinsa don an ji sauƙi, ga gishiri da dunƙulen magi da kanwa a tukunya.

Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a birnin nan, da asibitin Janar Amadi Rimi, da babban asibitin Daura, muna kuma yaye ma'aikatan jinya kowace shekara. Roƙonmu ga hukumomin lafiya ƙarami ne: kada a sallami irin wannan majinyaci sai an tsayar da mai jinyarsa a bakin gado, ta juya shi da hannunta, ta ba shi abinci nas na kallo. A kuma ɗora wa ƙananan asibitocin ƙananan hukumominmu 34 leƙa irin waɗannan gidaje, don mutumin Baure ko Sabuwa ba zai riƙa ɗauko shatar mota duk mako ba.

Ku kuma 'ya'ya maza, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Turo kuɗin famfas ta waya ba ya juya Baba. A gidan telan nan, kafin nas ɗin ta fita sai da ta sa aka kira samarin gidan 3 daga zaure, ta raba musu dare: ƙarfe 12 na babba, ƙarfe 2 na mai bi masa, ƙarfe 4 na autan, Hajiya kuma ta karɓa bayan sallar asuba.