Ladabin Muhawara da Kare Masu Kula a Ayyukan Buɗaɗɗiyar Manhaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, ina godiya da wannan gayyata. Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda ake tafiyar da muhawara a tsakanin mutanen da ke gina buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa yake da damar ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba.

Irin wannan aiki ya fi kama da gayya, sai dai gayya ce wadda mafi yawan masu yin ta ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Duk wanda ya kawo gyara, sai wani mai kula da wannan sashe ya duba, ya karɓa ko ya mayar masa. Masu kawo gyara suna da yawa, masu kula kuwa kaɗan ne, kuma da dama daga cikinsu ba a biyan su ko sisi. Saboda haka a ganina, babban dalilin sa ido kan yadda ake magana a waɗannan ayyuka shi ne a hana masu kula gajiya su ajiye aiki.

Mu ɗauki Linux, wato tushen manhajar da take tafiyar da kwamfuta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Shekaru da yawa an san Torvalds da kaifin harshe, idan gyara bai yi masa ba sai ya haɗa da zagi, kuma wasu suna kare shi da cewa wannan zafi ne yake tsare ingancin aikin. A 2013 Sage Sharp, mai kula da sashen USB 3.0, ya fito fili da ƙorafi kan wannan ɗabi'a, daga baya a 2015 aka samu sanarwar cewa Sharp ya bar aikin. A wannan shekara ta 2015 aka shigar da wata gajeriyar takarda wadda take gargaɗin mai kawo gyara cewa zai sha suka, amma idan ya ga an ci zarafinsa, ya kai kuka ga kwamitin ba da shawara na Gidauniyar Linux. Takardar ba ta fayyace abin da aka hana ba, don haka ba ta sauya al'amura sosai ba.

Sai a watan Satumba na 2018 Torvalds da kansa ya nemi afuwa, ya ce zai ɗan janye domin ya nemi taimako kan fahimtar yadda kalamansa suke taɓa mutane. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya riƙe ragama har aka fitar da Linux 4.19 a watan Oktoba, aka kuma kafa cikakkiyar dokar ɗa'a. Masu tsoron cewa ladabi zai kashe inganci ba su ga abin da suke tsoro ba, domin har yau ana mayar da gyaran da bai cika ba, Torvalds ma bai daina faɗa ba. Abin da aka nemi rabawa shi ne sukar aiki da cin mutuncin mai aikin.

A wannan shekarar dai Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, wani harshen rubuta manhaja, ya sauka daga shugabancinsa a watan Yuli bayan doguwar jayayya kan wata shawarar yi wa harshen ƙari da ake kira PEP 572, har ya zama dole a kafa majalisar mutum biyar a 2019 ta maye gurbinsa.

To amma kada ku ɗauka zagi ne kawai matsalar. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayiloli, kuma tana cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. A da, mutum ɗaya ne yake kula da ita a lokacin hutunsa. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu kyau. A 2022 sai wasu sunaye da babu wanda ya san su suka dinga matsa wa mai kular lamba, suna cewa aiki ya tsaya, ya kamata ya miƙa wa wani. Ba su zage shi ba, naci kawai suka yi, shi kuma ya riga ya bayyana cewa yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sabon zubi na manhajar, ya kuwa dasa ɓoyayyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta iya ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane ta hanyar SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Allah Ya sa a ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya na Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga SSH yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono asirin kafin abin ya yaɗu.

Babu dokar ɗa'ar da za ta kama waɗancan masu naci da laifi, tun da kalmominsu ba su wuce iyaka ba. Abin da aka rasa shi ne mutum na biyu mai iko, wanda zai tsaya ya ce musu ba kwa bin wannan bawan Allah bashi, ya kuma tambayi daga ina suka fito.

Shi ma mai sa idon yana bukatar a fayyace masa iyakar ikonsa. A watan Nuwamba na 2021 dukan 'yan kwamitin ladabtarwa na Rust, wani harshen rubuta manhaja, suka yi murabus tare, bisa hujjar cewa ba su da hanyar hukunta shugabannin aikin idan su ne suka karya doka. Don haka duk wanda zai buɗe irin wannan aiki a cikinku, tun yana da mutum uku ya rubuta wa ake kai wa ƙara, da kuma wa ake kai wa idan ƙarar a kan shugaba ce. Yanzu zan saurari tambayoyinku.