Iskar Tekun Arewa da Masu Shiga Cikinta

Wannan lacca ce da wani malamin labarin ƙasa ya gabatar wa ɗalibai. An kwafo ta daga abin da aka naɗa, an rage maimaici kaɗan.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Da aka liƙa sanarwa cewa zan yi magana a kan iska, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis, ya ce, "Malam, ko bori ka koma?" Na ce masa a'a, wannan mai kaɗawa ce, sai dai ta fi waccan kisa. (dariya)

Tekun da za mu leƙa yau shi ne wanda Turawa ke kira Tekun Arewa. Biritaniya na yamma da shi, Norwe da Denmak na gabas, Jamus da Holan da Beljiyam na kudu. Ku riƙe abu ɗaya tun yanzu, don za mu dawo kansa: tekun nan ba shi da zurfi. In an yi masa kuɗin goro, zurfinsa wajen mita 95 ne, alhali Atlantika ya haura mita 3,000. A tsakiyarsa akwai wani tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, Dogger, inda wani wurin bai kai mita 20 ba.

Lokacin da nake karatu a gabashin Sikotlan, wani dare barci ya ƙi zuwa, na kunna rediyo. Mu Hausawa in aka ce BBC, labaran duniya muka sani. Sai na ji wata murya tana jero sunaye a natse kamar mai jan carbi: Viking, Forties, Cromarty, Dogger, Fisher. Bayan kowane suna sai ta faɗi kusurwa da lamba. Ban gane komai ba, amma na kasa kashewa. Daga baya na san hasashen yanayi ne na masu jiragen ruwa. An raba ruwan da ke kewaye da tsibiran Biritaniya zuwa yanki 31, ana karantawa kullum, har da ƙarfe 12:48 na dare. Duka sanarwar ba ta kai kalma 400 ba, kuma kowace kalma da awonta. In mai karatu ya ce guguwa na dab, yana nufin cikin awa 6. In ya ce nan ba da jimawa ba, tsakanin awa 6 da 12. In ya ce can gaba, bayan awa 12. Ba irin "ina nan tafe" ɗinmu ba ne, wanda kan kai mutum har la'asar.

Asalin wannan hasashe wani hatsarin jirgi ne. A daren 25 ga Oktoba 1859, jirgin Royal Charter yana dawowa daga Melbourne ta Ostireliya, cike da masu haƙar zinariya da dukiyarsu, saura ƙiris ya shiga Liverpool. Guguwa ta riske shi a gaɓar tsibirin Anglesey na Wales, ta tsinke sarƙoƙin da ya kafe kansa da su, ta maka shi kan duwatsu. Mutum wajen 450 suka mutu, ga tudu suna gani. Ku lura da wannan. Mu 'yan tudu a ganinmu gaɓa ita ce tsira. Ga matuƙi kuwa, in iska tana tura shi wajen gaɓa, gara masa tsakiyar teku sau dubu, don ruwa ba ya fasa jirgi kamar yadda dutse ke yi.

A lokacin akwai wani hafsan sojan ruwa, Robert FitzRoy, wanda ya tuƙa jirgin Beagle da ya zaga duniya da Charles Darwin. Shi ke riƙe da ɗan ƙaramin ofishin yanayi da gwamnati ta buɗe a 1854. Ya ce da an yi amfani da wayar tangaraho, da an sanar da tashoshi kafin guguwar ta iso. A 1861 ya fara aika gargaɗi, ana rataya alamu a kan sanda a bakin tasha don duk mai shirin fita ya gani. Ya sha suka da ba'a duk ranar da hasashensa ya kuskure, kuma a 1865 ya kashe kansa. Aka dakatar da gargaɗin bayansa, masunta da matuƙa suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi a 1867. A 2002 aka sa wa ɗaya daga cikin yankunan nan 31 sunansa.

Lambar da ake faɗa a rediyon kuwa ta ma'aunin ƙarfin iska ce na Francis Beaufort, wanda ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12. Sifiri, teku kwance kamar madubi. Lamba 6, iska na gudun kilomita 39 zuwa 49 a awa, nan mai ƙaramin jirgi ya kamata ya fara tunanin gida. Lamba 8, kilomita 62 zuwa 74, daga nan ake fitar da gargaɗi. Lamba 12, kilomita 118 zuwa abin da ya fi. Kuma matsakaicin gudu ake faɗa. Bugun da kan zo farat ɗaya yana iya ɗara shi da kashi 40 cikin ɗari.

Daga ina iskar ke zuwa? Mu a nan in damina ta kama, gabas muke duba, can hadari ke haɗowa. Su yamma suke duba. A kan Atlantika iskar ɗumi daga kudu ke karo da ta sanyi daga arewa, wurin ya zama rami mai ƙarancin nauyin iska, iska ta riƙa kewaya shi saɓanin tafiyar agogo, dukan abin kuma yana gangarowa gabas. Masanan birnin Bergen na Norwe, ƙarƙashin Vilhelm Bjerknes, su suka fayyace wannan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, har suka ara wa layin karon sunan fagen daga. Akwai wata dabara da wani ɗan Holan, Buys Ballot, ya bayyana a 1857: a arewacin duniya, in ka ba iska baya, ramin yana hannunka na hagu. Matuƙi da baromita, wato na'urar auna nauyin iska, da wannan dabara ya san ko abin yana nufo shi ko ya wuce.

To, yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Lambar iska ita kaɗai ba ta gaya maka halin da teku ke ciki. Lamba 6 a wani wuri wasa ce, a wani wurin kuwa makara ce.

Igiyar ruwa abu uku ke gina ta: ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da tsawon filin ruwan da ta ratso. Iskar yamma in ta taso daga tudun Ingila, wanda ke kusa da gaɓar gabas ruwa a kwance zai gani, don ba ta samu fili ba tukuna. Iskar arewa kuwa tun daga Tekun Norwe take tahowa ba abin da ya tare ta, ta shigo teku mai kama da mazurari, faɗi a sama, matsi a ƙasa, ga rashin zurfi. Igiya in ta ji ƙasa sai ta gajarce ta miƙe tsaye. A daren 31 ga Janairu 1953 irin wannan iska ta haɗu da cikar teku, ta tura ruwa kudu har ya haure ganuwoyin tare ruwa na Holan. Mutum 1,836 suka mutu a can, 307 a Ingila, mafi yawansu a kan tudu, cikin dare.

Sai maganar cika da janyewa. Sau biyu a yini teku na kawowa yana komawa, kuma a matsatsun wurare gudu yake kamar kogi. In iska da ruwa sun nufi waje ɗaya, igiya kan miƙe ta yi laushi. In suka yi gaba da gaba fa? Ku tuna ƙofar masallacin Juma'a bayan sallama, jama'a na turowa waje, wasu kuma sun dage sai sun shiga. Ba gaba ba baya, sai sama. Haka ruwa ke yi. Tsakanin arewacin Sikotlan da tsibiran Orkney akwai mashigin Pentland Firth, inda gudun ruwa kan kai kilomita 20 a awa, wani wurin ya zarce. Ranar 2 ga Janairu 2015 wani jirgin dakon siminti, Cemfjord, mai tsawon mita 83, ya shiga mashigin lokacin da ruwa ke fita yamma, guguwa kuma na bugowa daga yamma. Ya kife ko kiran neman agaji bai samu yi ba. Sai washegari wani jirgin fasinja ya hango shi a kife. Mutum takwas ne a ciki, ba wanda ya fita. Wannan fa ba zamanin FitzRoy ba ne. Da na'urori, da hasashe, da jadawalin cikar teku da aka buga tun shekarar ba ta kama ba. Bambancin 'yan awoyi ne kawai, da ya jira ruwan ya juya.

Ko tsayin igiyar da ake sanarwa, matsakaicin manyan ne, wato a ɗauki kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi a raba. Ɗaya tilo na iya zuwa ta kusa ninka shi. Shekaru da dama matuƙa na ba da labarin igiya kamar bango, masana na cewa ƙarin gishiri ne. Ranar 1 ga Janairu 1995 na'urar da ke kan dandamalin gas na Draupner, a ruwan Norwe, ta auna guda mai mita 25.6, a ranar da manyan igiyoyi ke wajen mita 12. Tun daga ranar bakin masana ya mutu.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Bari in ba ku labarin wata Juma'a. Eyemouth ƙaramin garin masunta ne a kudu maso gabashin Sikotlan. Ranar 14 ga Oktoba 1881 gari ya waye tangaran, ga rana, teku shiru. Amma baromitar da ke bakin tasha ta faɗi ƙasa warwas, kuma kowa ya gani. Sun san ma'anarta sarai. Sai dai kwana da kwanaki iska ta hana su fita, gida ba cefane, kuma al'adarsu in jirgi ɗaya ya fita, sauran ba sa zama. Suka fita. Wajen tsakar rana guguwa ta sauko. Waɗanda suka juyo gida da yawansu a kan duwatsun bakin tasha suka tarwatse, mata da 'ya'ya na tsaye suna kallo. Wasu da suka ƙi juyowa suka nausa cikin teku, su suka tsira. Masunta 189 suka mutu a gaɓar, 129 daga wannan gari kaɗai.

Ni dai ba na iya kiran mutanen nan wawaye. Na ga littattafai na yi musu kallon masu taurin kai, ban yarda ba. Mai albashi ne ke iya cewa yau ba zan fita ba. Kuma wa zai zama na farko da zai zauna a tudu alhali maƙwabcinsa ya kwance igiyar jirginsa?

Shugaba yana nuna mini agogo, bari in taɓa sanyi in zauna. Ruwan Tekun Arewa da hunturu kan sauka wajen digiri 6. Wanda ya faɗa ciki, kafin sanyi ya kai ga kashe shi, numfashi ne ke fara ƙwace masa. A minti na farko zai ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba, in kansa na cikin ruwa shi ke nan. In ya wuce wannan, yana da kamar minti goma kafin yatsu da hannuwa su daina jin magana. Gwanin iyo da ɗan koyo duk ɗaya ne a nan, rigar hana nutsewa ce kawai ke raba su. Can arewa kuma, wajen Aisilan, feshin ruwa kan daskare a jikin jirgi, ƙanƙara ta taru a sama har nauyi ya rinjaya. A farkon 1968, cikin ƙasa da wata guda, jiragen kamun kifi uku na birnin Hull na Ingila suka salwanta, mutum 58 suka mutu, ɗaya tak ya rayu. Na ukun, Ross Cleveland, ya ma samu mafaka a wani lungun gaɓar Aisilan, ƙanƙara da iska suka kifar da shi a can. Matan Hull, da wata mai aikin gyaran kifi Lillian Bilocca a gaba, suka tara sa hannun mutum 10,000 suka kai London, suna neman a sa mai kula da rediyo a kowane jirgi, a kuma ajiye jirgin agaji kusa da masunta. Gwamnati ta amsa.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko har yanzu ana buƙatar rediyon, tunda akwai manhajar yanayi a waya.)

Malama, tambayarki ta yi kyau. Suna amfani da wayar ƙwarai, kuma hasashen yau ya fi na da nesa ba kusa ba. Amma kwamfutar da ke lissafin nan yanka teku take yi gida-gida kamar dara, kowane gida kilomitoci, ta ba shi lamba ɗaya. Bakin tashar da za ki shiga bai fi faɗin filin ƙwallo ba, da yashinsa da duwatsunsa da ruwan da ke fita. Ba ya cikin lissafin. Sannan in kin yi nisa da gaɓa sabis yakan ɗauke. Shi ya sa masu gadin gaɓa ke maimaita hasashen ta rediyon jirgi sau da yawa a yini, kuma kafin mutum ya kwance igiya yakan je ya tambayi mai kula da tasha yadda bakin yake yau da iskar gabas. Akwai wata tambayar? Na ga hannu can baya.