Mota Ta Cika, Kujeru Babu Kowa

Jama'a, barkanku da warhaka. Tun makon jiya tambaya ɗaya ake ta turo mini: idan manhajar banki ta ƙi buɗewa, aka ce harin cunkoso ne, wato DoS, an kwashe kuɗina ke nan? A'a. Wannan harin hanya yake tarewa, ba ya taɓa asusu. Kuma sau da yawa in sabis ya ɗauke, ba ma hari ba ne.

Ku biyo ni tasha a nan Birnin Kebbi, ga motar Argungu tana lodi.

Kafin wayarka ta yi magana da sabar banki, wato babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun manhajar, ƙa'idar haɗin intanet mai suna TCP ta ce sai an yi gaisuwa mai hawa uku. Waya ta aika SYN: "Akwai wuri?" Sabar ta mayar da SYN-ACK: "Akwai, na riƙe maka." Waya ta rufe da ACK: "To, ga ni."

Mu tsaya a hawa na biyu, nan ake ɓacewa. Kun ga yadda kwamashon nan ya ɗora jaka a kan kujera? Fasinja bai biya ba, bai zauna ba, amma kujerar ta fita daga lissafi. Haka sabar ke ware ɗan gurbi a ƙwaƙwalwarta tana jiran amsar ƙarshe. To, maharin ba zai taɓa amsawa ba. Adireshin bogi ma ya bayar, ya sake cewa a riƙe masa wata, da wata, dubbai cikin daƙiƙa guda. Wannan salon harin cunkoso shi ake kira ambaliyar SYN. Dubi tsohuwar nan da ƙunshin kayanta a ka. An ce mata mota ta cika, alhali babu kowa ciki. Abin da ke ba ni takaici shi ne kirkin sabar aka juya ya zame mata rauni.

Abin ya daɗe. A 1996 aka durƙusar da kamfanin intanet na Panix a New York da wannan dabarar. A 2023 an ga danginta a HTTP/2, wata ƙa'idar buɗe shafukan intanet, inda Google ya ce ya tare buƙata miliyan 398 a daƙiƙa ɗaya.

Maganin ambaliyar SYN kuwa ya burge ni, SYN cookies ake kiransa. Kwamasho ya daina ɗora jaka, sai ya miƙa maka tikiti mai lambar da shi kaɗai zai gane. Ka dawo da shi, ka zauna. Ba ka dawo ba, kujerar ta tsohuwar nan ce. Ga ta can ta shiga.