Wa ya bar soket a kunne?

Assalamu alaikum, jama'a masu saurare. Hunturu ya kama, iska ta busar da komai, kuma nan ba da jimawa ba za mu fara karanto muku labarin da muka saba: gobara ta tashi cikin dare, shaguna sun ƙone, "ana zargin wutar lantarki ce". Wannan magana ta ishe ni. Ana faɗinta kamar lantarki ɓarawo ne da ya hauro katanga, alhali mu muka jawo shi da hannunmu, muka bar shi a kunne, muka garƙame ƙofa muka tafi gida.

Ku dubi yadda abin yake faruwa a nan Zariya. Tela a Sabon Gari yana cikin guga da la'asar, sai a ɗauke wuta. Ya ajiye dutsen guga, ya yi tsaki, ya kama wani aikin. Bai kashe soket ba, don a ganinsa babu abin kashewa. Da magariba ya kulle shago. Ƙarfe biyun dare a dawo da wuta, dutse na zaune a kan tebur, ga yadi, ga tarin ƙyallaye a ƙasa. Haka hitar dafa ruwa da aka manta a ofis, haka na'urorin shagon hoton takardu a Samaru, haka mai cajin waya a Kwangila da ya jera wayoyi sun kwana a jone. Wa ya bar soket a kunne?

Ko da rana ma muna wasa da rayukanmu. Soket na yau da kullum, mai am 13, abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 3,000 ba. Dutsen guga kaɗai yakan ci wat 1,000 ko fiye, butar lantarki takan kai 2,000. To ka haɗa su a ekstenshin guda mai siririyar waya, ka ƙara firji da fanka. Waya ta yi zafi, robarta ta narke. Fis da aka saka domin ya tsinke ya ceci shagonka, in ya tsinke sai ka kira yaro ya ɗaure wurin da guntuwar waya mai kauri, har kana yaba masa wai ya iya aiki. Haba, Alhaji! Ka cire mai gadinka, sannan ka biya kuɗin cirewa.

Sai janareta da jarkar fetur a ɗaki ɗaya da kaya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Duk da haka za ka ga mutum yana zuba mai inji na aiki, don kada kwastoma ya jira.

Na san abin da wasu ke faɗi yanzu a gaban rediyo: ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. To kai da ka tafi barci ka bar hita a jone, wace hujja ta rage maka?

Wasu kuma 'yan kwana-kwana suke zagi: sun makara, sun zo ba ruwa. Wataƙila wani lokaci haka ne, kuma gwamnati tana da amsar da za ta bayar. Amma motarsu ta ina za ta bi, bayan an cika layukan kasuwa da tebura da rumfuna? Kuma ba su suka kunna soket ɗinka ba.

Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ci wuta a 2016, manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina a 2021. Kowace aka je jaje, aka yi alkawari, aka watse. Sai ta zo Tudun Wada ko kasuwar cikin gari za mu farka?

Abin da nake nema ba ya cin ko kwabo. Da an ɗauke wuta, ka kashe komai nan take, kada ka jira lokacin tashi. Kafin ka sa kwaɗo, ka sauke babban makunnin shago. Mai ofis ya ɗora wa mutum guda, da sunansa, alhakin zagayawa kafin a rufe. Wanda ke da tukunyar kashe gobara ya duba allurarta ko tana kan kore, ya koya wa yaransa zare fil, kuma kowa ya sani ba a watsa ruwa a gobarar fetur ko ta lantarki: ta fetur ruwa yaɗa ta yake yi, ta lantarki kuma ta ja mai watsawa.

Shugabannin kasuwa, ranku ya daɗe, kuna da masu bi shago-shago karɓar kuɗin gadi da na shara. Ku sa wa kowane layi makunni ɗaya da za a kashe da dare, ku ci tarar duk wanda aka samu ya bar kaya a jone. Ku fara a wannan makon, kafin sanyi ya tsananta masu gadi su fara hura garwashi a gindin rumfuna.