Abin da na gani a Gisozi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau daga Kigali na ɗauko shi, babban birnin Ruwanda, inda na je kwanakin baya. Tun daga filin jirgi direban da ya ɗauke ni ya ce min, malam, kafin ka je ko'ina ka fara zuwa Gisozi. Na ji maganarsa, washegari da safe na tafi.

Gisozi wani tudu ne cikin birnin, nan aka gina gidan tunawa da kisan ƙare dangi da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi a 1994. An buɗe shi a Afrilun 2004, kuma ba gidan tarihi ba ne kaɗai, maƙabarta ce, mutum sama da 250,000 ne ke kwance ƙarƙashin manyan shimfiɗun siminti a cikin lambun. Ba a biyan kuɗin shiga. Za ka ga dangi sun zo da furanni sun ajiye, sun tsaya shiru, kai baƙo dole ka sassauta murya ko ba wanda ya ce maka.

Labarin dai an sani, ranar 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin shugaban Ruwanda Habyarimana, kashegari kisa ya fara, cikin kwana 100 aka kashe mutum kusan 800,000 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnatin Ruwanda kuma ta ce sun haura miliyan ɗaya, mafi yawa da adda da kulki, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya kashe maƙwabci. Na ga katin shaida irin wanda Turawan Beljiyam suka kawo a shekarun 1930, da gurbin ƙabila a jiki, wannan ɗan katin ne ake dubawa a shingen hanya a ce wuce ko a ce sauko.

Amma wallahi ɗakin yara ne ya karya min zuciya. Manyan hotuna ne, ƙarƙashin kowanne an rubuta shekarun yaron, abincin da ya fi so, wasan da ya fi so, sannan yadda aka kashe shi. Akwai wani ɗan shekara 10 da maganarsa ta ƙarshe ga mahaifiyarsa ita ce sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya za su zo su cece su. A watan Afrilun 1994 ɗin ne kuwa Kwamitin Sulhu ya rage dakarun zuwa 270. Na daɗe tsaye gaban hoton nan, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

To jama'a, ga abin da ya sa na kawo maganar nan gidan rediyo. An yi wata tashar rediyo a Ruwanda mai suna RTLM da ta fara aiki a 1993, tasha ce mai farin jini, kiɗa mai daɗi, barkwanci, hira irin ta majalisar shayi, matasa suna sonta sosai. A cikin wannan rahar ne ake kiran Tutsi inyenzi, wato kyankyasai, yau a faɗa gobe a maimaita har kunne ya saba, da kisa ya fara kuma sai masu gabatar da shiri suka koma karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya, 'yan Interahamwe, wato 'yan daban ƙabilar Hutu masu yin kisan, na riƙe da rediyo a hannu ɗaya, adda a ɗaya. A 2003 kotun duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta yanke wa Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tashar, ɗaurin rai da rai, daga baya aka mayar shekara 30. Malamin tarihi ne fa a jami'a, mai ilimi.

Ni da aikina kenan zama gaban makirufo, sai na ji abin ya taɓa ni kai tsaye, na riƙa tuno sau nawa mai kira ya shigo layi ya jefa wa wata ƙabila ko wani addini baƙar magana muka bar shi ya ƙarasa don shiri ya yi armashi. Tun da na dawo, duk wanda ya fara irin wannan a shirina katse layin nake yi, in gaya masa dalili a fili.

Da na fito, direban na jirana a bakin ƙofa. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo min ruwa, muka gangaro cikin gari ba wanda ya ce uffan.