Jirgin Sama Mai Rimot: Abin da Ke Tashinsa da Abin da Ke Kayar da Shi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan fili da kuke gani fako ne a bayan ƙauyenmu, nan ƙasar Ringim a Jihar Jigawa. An gama girbi, an kwashe kara, rana ba ta daɗe da fitowa ba. Abin da ƙanena yake riƙe da shi kuma jirgin sama ne mai rimot. Na san ba shi da kyan gani. Fari ne fat, duk jikinsa salatif, hancinsa ma an yi masa faci har sau biyu. Amma yana tashi, yana kuma sauka lafiya, kuma yau zan nuna muku dalili.

Duk wanda ya tashi a karkara ya yi motar kara ko ta langa-langa. Hannun da ya iya fere kara ya fitar da taya, wallahi zai iya yanka fiffike. Inda muke samun matsala wuri ɗaya ne: mota ko ta karkace za ta gangara, shi kuwa jirgi ba ya yafiya.

Ni jirgina na farko na katako na yi shi, na kwaikwayi jirgin alhazai sak, har da tagogi da fenti kore da fari. Nauyinsa ya kusa kilo 2. Rabin yaran unguwa suka biyo ni kallo. Na ba shi wuta, na wurga, ya ɗaga hanci sama kamar doki ya yi tsaye, sai ya juyo ya caki ƙasa. Aikin wata biyu bai yi daƙiƙa 5 a sama ba. Har yau akwai masu tsokanata da wannan rana. Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce, jirginka na farko ya zama mara nauyi, mara gudu, mai sauƙin gyara. Kwalliya ta jira.

To da me aka yi wannan? Farin fom ne, irin wanda ake sako firji ko talabijin a cikinsa. An yanka shi da reza sabuwa, an goge da samfefa. Tsawon fiffiken daga wannan baki zuwa wancan mita 1 da santimita 20, faɗinsa santimita 20. A cikinsa na binne siririn tsagin gora don kada ya lanƙwashe a sama. Inda jela ta haɗu da gangar jiki, tsinken tsire ne ya ƙarfafa wurin. Ku lura da gam: sufa gulu yana cinye irin wannan fom, haka fentin feshi da fetur. Farin gam na kafintoci ya fi, ko gam ɗin kyandir da ake narkawa, sai dai shi na kyandir in ka bar jirgin a rana tsakar bazara yakan saki. Fiffiken ma ban manne shi ba, da kyauro na ɗaure shi, irin robar ɗaure kuɗi. In jirgi ya bugi ƙasa sai robar ta tsinke, fiffike ya yi tsalle gefe, ba abin da ya karye. Duka da batir nauyinsa bai wuce giram 700 ba.

Ku dube shi ta gaba. Fiffiken yana saman gangar jiki, kuma bakunansa biyu sun ɗan ɗaga sama kaɗan. Wannan ɗagawar ita ke sa jirgi ya daidaita kansa: in ya karkata dama, fiffiken da ya yi ƙasa sai ya fi samun tallafin iska, ya dawo da shi. Mai koyo yana bukatar jirgin da in ya rikice ya saki rimot, shi da kansa zai nemi daidai.

Yanzu kayan wuta. Su kam sai an saya, galibi ta intanet ake odarsu daga Sin. Waya, dalma da abin liƙa ta kuwa duk mai gyaran waya yana da su, in ka shiga Kano kuma akwai su a Sabon Gari da Farm Centre.

Ga inji. Ana rubuta masa lamba kamar 1000KV. Ma'anarta, kowane bolt 1 na wuta yana juya shi kusan sau 1,000 a minti in ba a ɗora masa komai ba. Batir mai bolt 11.1 ke nan zai kai shi wajen juyi 11,000. A bakinsa ake ɗaura farfela. Wannan an rubuta mata 10x4.5, wato tsawonta inci 10, kuma a lissafi kowane juyi tana cin gaba inci 4.5. Gefen da aka yi rubutun shi ke kallon gaba. Mutane da yawa suna juya ta baibai, inji ya yi ta kuka, jirgi ya ƙi ja. Tsakanin inji da batir akwai wannan 'yar na'ura da ake kira ESC, aikinta irin na ragiletar fanka ne, ita ke ƙara gudu da rage shi, ita ce kuma ke ba sauran kayan bolt 5. Mai amfiya 30 ta isa wannan inji. Wayoyi 3 ne suka haɗa ta da injin. In ka ga yana juyawa baya, ka musanya kowaɗanne 2 daga ciki, shi ke nan.

Waɗannan 'yan shuɗayen akwatuna kuma sarbo ne, kowanne giram 9. Su ke motsa leɓunan jela. Na haɗa su da leɓunan da sifok ɗin keke. Leɓen kwance shi ke ɗaga hanci ko sauke shi, leɓen tsaye shi ke juya jirgi hagu ko dama. Da waɗannan biyu da giyar wuta, tasha 3 ke nan, wato abu 3 da rimot ke sarrafawa, sun ishi mai koyo. Akwai leɓunan fiffike masu mirgina jirgi, amma su sai hannu ya faɗa. Rimot ɗin zamani suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4, kuma kowanne ana ɗaura shi da risibarsa ne, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarninsa a cikin jirgi, don haka ko mutum biyar ne a fili ɗaya, na wani ba ya shiga na wani. A irin tsarin da ya fi yawa, sandar hagu ita ce wuta, ta dama ita ce ɗagawa da saukewa.

Bari in ɗan tsaya a kan batir, don shi ne abin da zai iya ƙona ɗaki. Sunansa LiPo. Wannan ƙwaya 3 ne a ciki, shi ya sa aka rubuta 3S, kowace ƙwaya bolt 3.7. In ta cika tana kaiwa 4.2, duka ukun 12.6 ke nan, ba a wuce haka. Ba a kuma bari ta faɗi ƙasa da 3.3 a wajen tashi. In za ka ajiye shi kwanaki, ka bar kowace ƙwaya a wajen 3.8. Yana da cajarsa ta musamman mai daidaita ƙwayoyin, kuma da yawansu suna karɓar wutar batirin mota ko na sola mai bolt 12, abin da ya yi mana daidai mu da wutar gwamnati ba ta dame mu da zuwa ba. Amma kada ka kuskura ka jona shi kai tsaye da batirin babur. Ni a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa nake cajinsa, a tsakar gida, da bokitin yashi a gefe, kuma ba na barinsa in tafi masallaci. In ya kumbura kamar fanke, ya gama aiki. Kada ka huda shi, kada ka ba yara su yi wasa da shi. A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a nan, barinsa a but ɗin babur neman fitina ne.

To ga abin da ya kayar da jirgina na farko, kuma shi ke kayar da na yawancin masu farawa: cibiyar nauyi. Ku kalli hannuna. Na auna santimita 6 daga bakin gaba na fiffike, na ɗiga alama a kowane gefe. Ka'idar ita ce tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, a nan ke nan tsakanin santimita 5 da kusan 7. Na ɗora jirgin a kan yatsuna biyu daidai alamar, da batir a ciki. Kun ga yadda ya tsaya, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan? Haka ake so. Yanzu bari in ja batirin baya da faɗin yatsa biyu kawai. Kun gani, jela ta faɗi. Jirgin da aka tayar a haka zai yi ta ɗaga hanci, kusurwar da fiffike ke saran iska da ita ta yi yawa, in ta kai wajen digiri 15 sai iska ta daina bin bayan fiffiken, ta sake shi. Daga nan ba rimot ɗin da zai cece shi. In kuma nauyin ya yi gaba da yawa, zai tashi, sai dai zai riƙa neman ƙasa, ya sauko da gudu. Wannan da sauƙi. Don haka in za ka yi kuskure, ka yi shi ta gaba. Ba sai ka ƙara ƙarfe ba, matsar da batir kawai za ka yi, ka ɗaure shi tamau don kada ya zame a sama.

Kafin ka kunna inji ma, ka wurga shi a hankali a kan ciyawa ko yashi, ka ga ko zai zamo ya sauka a miƙe. 'Yan uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu sana'ar keke ne, kuma daga 1900 zuwa 1902 jirage marasa inji suka yi ta gwadawa, suna koyon sarrafa su. Sai a Disamba 1903 suka tashi da inji, tashin farkon ma daƙiƙa 12 ne. Shekara 22 bayan haka, a Nuwamba 1925, jirage 3 na sojan saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne jiragen farko da suka sauka a Najeriya.

Akwai maganar hukuma, kuma ba ta wasa ba ce. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Ka binciki abin da dokar ta ce game da irin naka kafin ka fita. Ka nisanci filin jirgin Dutse da na Malam Aminu Kano, da bariki, da wayoyin wuta, da kasuwa, da garken shanu. A ƙasashe da yawa iyakar tashi mita 120 ce, kuma dole idonka yana kan jirgin. A wannan zamani da mutane ke ɗar-ɗar, abu ya bi ta saman gari yana ƙara, ba kowa zai ɗauke shi wasa ba. Ni sai da na kai shi gaban mai unguwa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake haɗawa, na fom ne, ba kyamara a jikinsa." Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "To ɗana, ka dai yi nesa da awakin mutane."

Mu je ga tashi. Rimot ake fara kunnawa, sandar wuta a ƙasa, sannan a jona batir. Wajen kashewa batir ake fara cirewa. In kana gyara a gida kuwa, cire farfela gaba ɗaya, don tana tsaga yatsa kamar aska. Na ja sanda baya, leɓen kwance ya ɗaga sama. Na kai dama, leɓen tsaye ya bi dama. Kullum sai na duba wannan, ko da jiya na tashe shi.

Na ɗebi ƙasa na watsa, kun ga ƙurar ta yi yamma, iskar daga gabas take, kamar yadda ta saba da hunturu. To gabas za mu fuskanta, domin jirgi cikin iska yake tashi, cikinta yake sauka. Sassafe da bayan la'asar sun fi, tsakar rana akwai guguwa, ranar da hazo ya yi kauri kuma farin jirgi ɓacewa yake tun bai yi nisa ba.

"Yaya, in sake?"

"Miƙe hannunka, kada ka cilla shi sama. Sake!"

Ga shi nan. Ban taɓa komai ba, yana hawa da kansa. Na rage wuta zuwa rabi. Sandar nan shafa ta ake yi, ba a fizga. Yanzu zan juyo da shi, kuma nan ne masu koyo ke rikicewa: in jirgi ya fuskanto ka, damarsa ta zama hagunka. Dabarar ita ce, fiffiken da ka ga ya yi ƙasa, tura sandar ta wajensa, kamar kana tokare shi. Akwai manhajojin gwaji a waya da kwamfuta, in ka samu ka faɗi sau ɗari a can tukuna.

Ku ga shirwa can ta zo duba baƙo. In kun gan ta tana kewaya ba ta kaɗa fiffike, iska mai ɗumi ce ke hawa a wurin, jirgi mara nauyi irin wannan ma yakan samu ya hau ta.

Minti 8 ke nan, zan sauko tun batir bai gaji ba. Na kewayo ta bayan gawon can, nesa da ƙayarsa, na fuskanci iska, na janye wuta gaba ɗaya. Yana zamowa. Saura kamu biyu ya taɓa ƙasa, na ɗan ja sanda baya. Ya kwanta a kan cikinsa, dab da tushiyar dawa.

"Cire batirin kafin ka ɗauke shi. Taɓa ka ji, ya yi zafi?"

"Ɗumi kawai, Yaya."

"To kawo mita mu auna."

Kowace ƙwaya 3.7. Batir na biyu yana cikin jaka, wannan karon ƙanena ne zai riƙe rimot.