Sharhi: Wa zai dinga buɗe ƙofar cibiyar yara?

Masu sauraro barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan cibiyoyin wasa da shaƙatawa na yara ne, irin waɗanda ake buɗewa a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, inda yaro zai taso daga makaranta ya je ya buga ƙwallo ko ya yi zane ko ya samu tebur ya yi aikin da malami ya ba shi kafin iyaye su dawo daga nema. Kuma tun yanzu bari in faɗi inda na dosa, gina irin wannan waje shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin gaba ɗaya, wahalar tana farawa ne washegarin ranar da aka yanka kyalle, manyan baƙi suka shiga motocinsu suka tafi, aka bar mutum ɗaya ko biyu da makulli a hannu da yara cike da fili.

Me ya sa ma ake buƙatar wajen? Amsar tana cikin awannin nan da ke tsakanin tashi daga makaranta da dawowar iyaye gida. Mai hali yana sayen waɗannan awanni da kuɗinsa, ya ɗauki malamin lesin, ya biya kulob, ko dai a ƙalla gidansa na da tsakar gida da mai kula. Talaka kam ɗaki ɗaya ne ko biyu, uba ya fita tun da safe, uwa ma tana can tana fama da nata, to titi shi ne falon yaron shi ne filin wasansa, kuma duk wanda yake zaune a bakin titin nan a wannan lokaci shi ne malaminsa, ko na kirki ne ko na banza. A Amurka, alƙaluman ofishin da ke kula da shari'ar yara a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a sun daɗe suna nuna cewa a ranakun makaranta laifukan tashin hankali da yara ke aikatawa sun fi yawa ne jim kaɗan bayan an tashi daga makaranta, wajen ƙarfe 3 zuwa 4 na yamma, ba da tsakar dare ba kamar yadda mutane da yawa suke zato.

Kuma wasa ba alfarma ba ce ake yi wa yaro. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 31, ta ce hutu da wasa haƙƙinsa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 a kullum na motsa jiki mai sa gumi. A 2024 ma har rana aka ware, 11 ga Yuni, ranar wasa ta duniya. To a takarda dai an gama komai.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Ƙungiyar nan ta kulob ɗin yara maza da mata ta Amurka, wadda yau take da dubban rassa, asalinta wasu mata ne a garin Hartford a 1860 da suka ga yara maza na gararamba a titi suka ce a'a, a nema musu wajen zama. Wata Ba'amurkiya mai suna Jane Addams ta buɗe gidan taimakon jama'a na Hull House a Chicago a 1889 a tsakiyar unguwar baƙi talakawa, kuma abin da ya bambanta ta shi ne ita kanta a nan cikin unguwar ta tare, ba wai ta zo da safe ta koma unguwar masu kuɗi da yamma ba.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin a nan ne yawancin cibiyoyin ke mutuwa. Mai ba da tallafi yana son abin da za a ɗauka a hoto, gini, fenti, kwamfutoci a jere, allo mai ɗauke da sunansa a bakin ƙofa. Amma ka je masa da maganar albashin mai gadi, ko kuɗin wuta da ruwa, ko kuɗin yashe banɗaki, ko ƙwallon da ke fashewa kusan duk wata saboda yara da yawa ne ke dukanta a kan ƙasa mai tsakuwa, sai ka ga fuskarsa ta canza, wai shi ba ya ba da kuɗin gudanarwa. To wa zai bayar? Shi ya sa za ka ga ginin da aka kashe masa maƙudan kuɗi, shekara biyu kacal an garƙame shi da kwaɗo, ciyawa ta cinye filin, kwamfutocin nan an lulluɓe su da leda tun ranar da wanda ya iya gyara su ya bar aiki. Ni a ganina duk wanda zai fara irin wannan aiki, kafin ya sa bulo ɗaya ya zauna ya lissafa abin da wajen zai ci a wata, sannan ya tambayi kansa ina zai samu wannan kuɗi har shekara uku a jere, in babu amsa gara ya nemi aron aji biyu a wata makaranta da yamma ya fara a nan, ba abin kunya ba ne.

Kada kuma a ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A Ingila ƙungiyar YMCA mai hidimar matasa ta fitar da rahoto a 2020 da ya nuna kuɗin da ƙananan hukumomi ke kashewa kan hidimar matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 cikin ƙasa da shekara goma, aka rufe ɗaruruwan cibiyoyi. Dalilin a fili yake, idan aka zo tsuke bakin aljihu, wajen wasan yara ne farkon abin da ake yankewa, tunda yara ba sa jefa ƙuri'a kuma iyayensu ba su da lokacin zuwa yin ƙorafi.

Abin da yaron ke zuwa nema kuwa, in ka lura da kyau, mutum ne. Ƙwallo ce ke jawo shi ranar farko, amma abin da ke dawo da shi kullum shi ne akwai wani babba a wajen da ya san sunansa, wanda zai ce masa jiya ban gan ka ba lafiya dai? Yaron da gidansu yau akwai gobe babu, yau an tashe su daga haya gobe uba ya yi tafiya, babban abin da cibiya za ta ba shi shi ne tabbas, wato ya san ƙarfe kaza ƙofar nan a buɗe take kuma wane yana ciki. Idan aka buɗe yau aka rufe gobe saboda mai makulli ya tafi wata sabga, sau biyu sau uku yaran za su daina zuwa, kuma dawo da su ya fi tara su da farko wuya.

A nan ne nake da ja da masu cewa ai 'yan sa-kai sun isa. 'Yan sa-kai suna da amfani ƙwarai, Allah ya saka musu, amma ɗan sa-kai a unguwar talakawa shi ma talaka ne, yana neman aiki, ranar da ya samu zai tafi kuma ba wanda zai ga laifinsa. Dole a samu ko da mutum ɗaya ko biyu da ake biya albashi mai ɗan auki a kan lokaci, waɗanda wannan shi ne aikinsu, sai 'yan sa-kai su kewaye su. Kuma aikin na da cin rai fa, raba faɗa, lallashin mai kuka, sauraron abin da yaro zai faɗa maka game da gidansu wanda zai hana ka barci, in ba a kula da ma'aikacin ba shi ma wata rana zai ajiye makullin.

Sai maganar da ba a son yi, tsaron yaran daga manya. Duk inda aka tara yara, mai mugun nufi yana sane da wajen, kuma ba ya zuwa da mummunar fuska, shi ne ma mai fara'a, mai zuwa da wuri, mai cewa ku bari ni zan raka shi gida. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin da suka san aiki ke bi ba su da tsada, a binciki duk wanda zai yi aiki da yara a tambayi inda ya taɓa aiki, kada a bar babba ɗaya da yaro ɗaya a ɗaki a rufe, a san wa ke da izinin zuwa ɗaukar wane, a sanar da yaran wanda za su gaya wa idan wani abu ya faru, sannan a ajiye akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya amfani da shi. Wahalar ita ce a unguwa kowa ya san kowa, sai a ji nauyin bincikar ɗan maƙwabci ko ƙanin shugaban kwamiti. To a ji nauyin, amma a bincika. Dokar da ta tsallake wani saboda sanayya ba ta kare kowa.

Shin a karɓi kuɗi daga iyaye ko a bar shi kyauta? Masu cewa a karɓi ɗan wani abu suna da hujja, sun ce abin da aka biya an fi daraja shi. Na ji, amma ni dai ina ganin ɗan abin nan da kake rainawa shi ne zai tace maka yaran, ya bar maka 'ya'yan masu ɗan dama-dama, ya kori ainihin waɗanda aka buɗe wajen dominsu, musamman gidan da ke da yara biyar ko shida. Akwai ma kuɗin da ba a rubuta ba, ka ce sai da takalmin ƙwallo, sai da riga iri ɗaya, ai ka riga ka sa kuɗin shiga kenan. Yunwa ma haka, yaron da bai ci komai ba tun safe ba zai yi guje-guje ba, ba kuma zai zauna ya yi lissafi ba, faɗa kawai zai nema, don haka ɗan abin taɓawa da ruwan sha mai tsafta suna cikin kasafi tun farko.

Akwai hanyoyin da wasu suka bi. A unguwar Mathare da ke Nairobi, ƙungiyar wasanni ta matasa da aka kafa a 1987 ta haɗa ƙwallo da aikin gayya, duk tawagar 'yan ƙwallon da ta fita ta share unguwa ta kwashe shara ana ƙara mata maki a teburin gasa kamar ta ci wasa, kun ga yaro ya biya da guminsa ba da kuɗin uwarsa ba, kuma ya san wajen nasa ne. A Iceland kuma gwamnati ce ta shigo, birnin Reykjavik yana ba kowane yaro wani kati na kuɗin shiga wasanni ko kiɗa ko zane a duk shekara. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 a ƙasar sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata, zuwa 2016 abin ya sauko zuwa kashi 5. Ba wasa kaɗai ya yi wannan ba, an haɗa da dokar taƙaita yawon dare ga yara da jawo iyaye a jiki, amma cike awannin yamma da abin yi yana tsakiyar shirin.

Wani abu da ake yawan mantawa, 'yan mata. Ka buɗe fili ka ce kowa ya zo, cikin sati ɗaya manyan samari sun mamaye shi, ƙanana suna gefe suna kallo, mata kuwa ba su ma zo ba, domin yarinyar tana gida tana rainon ƙannenta ko tana aikin da aka bar mata. In ana son ta zo sai an ware lokaci nata, an samu mace a cikin ma'aikata, an yi banɗaki mai ƙofa da sakata, an kuma yarda ta zo da ƙaninta a samu lungun da za a ajiye ƙananan. Sannan a je har gida a yi magana da iyaye, takardar sanarwa a jikin bango ba ta shawo kan uwa.

Su kuma samarin da suka wuce shekarun cibiyar, waɗanda ke zaune a kan katanga suna leƙe, kada a mai da su abokan gaba. In ka kore su, su ne za su ɓalle kwaɗon da dare. In ka ba ɗaya usur ka ce kai ne alƙalin wasa, ɗaya ka ba shi ajiyar kaya, ka samu masu gadin da ba za ka iya biya ba. Amma su ma dokar nan ta kada a keɓe da yaro tana kansu. Ɗan siyasa ma zai zo, musamman in zaɓe ya matso, a karɓi gudummawarsa a yi godiya a rubuta a littafi kowa ya gani, amma kada a bari ya manna hotonsa a bango, domin ranar da ya faɗi zaɓe wanda ya gaje shi zai ɗauki cibiyar a matsayin ta abokin hamayya.

Masu ba da kuɗi za su nemi rahoto, kuma lambar da suka fi so ita ce yara nawa aka yi wa rajista, lamba ce mai daɗin faɗa amma ba ta nuna komai, tunda ranar rabon kaya kowa zai rubuta suna. Littafin da ya kamata mai gudanarwa ya riƙe shi ne na halarta ta kullum, wa ya zo yau, wa yake zuwa tun watanni shida, wa ya yi sati biyu ba a gan shi ba. Wanda ya ɓace ɗin nan sau da yawa ciwo ne ya kwantar da shi, ko an cire shi daga makaranta an tura shi neman kuɗi, ko wani ya tsorata shi a hanya ko ma a cikin cibiyar, kuma ba za a sani ba sai wani ya tashi ya taka har ƙofar gidansu ya yi sallama ya tambaya.